Lambun Baba na cikin gilashi

Yau labarin gidanmu muka zo da shi, kuma mun san wasu za su yi dariya da sun ji kan maganar: wata ciyawa ce muke reno cikin ruwa, a akwatin gilashi, a garin da mutane da yawa ke sayen ruwa bido-bido. Mu ma dariyar muka yi da farko. Ku dai ku bi mu a hankali.

Mahaifinmu mutumin lambu ne. Ya fi shekara 40 yana aiki a fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Jiratawa: tumatir, albasa, shu, salati, tugande, zogala. Da kuɗin lambun nan aka sa mu lakkwal, da shi aka yi wa ƴan matan gidan kayan ɗaki. A ƙarshen daminar 2023 hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya yi da sauran kwana, aka sallamo shi daga asibiti, amma hannun ba ya riƙo, ƙafar sai ja, harshen ya yi nauyi. Lambun kuwa dole aka ba wani haya.

Ciwon jikin muna iya gani, muna ba da magani. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne Baba ya juya fuska ga bango. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ya ce a kashe. Abokansa na fadama in sun zo gaisuwa sai ya rufe ido kamar mai barci. Fura ma sai Inna ta yi ta lallashi kafin ya kurɓa. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa don hannun ya farfaɗo, Baba ya ture ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba yaro ba ne.

Babban yayanmu da ke aiki a Yamai shi ya kawo shawarar akwatin kifi. Ya ce ya gani a wani ofis, mutane na zama gabansa hankalinsu ya kwanta. Ya aiko da kuɗi da awo, masu aikin tagogin alminiyom na nan gari suka yanka gilashin suka haɗa da silikon: tsawo santimita 80, faɗi 35, zurfi 40. In an cika shi yana cin kusan lita 100, wato bido huɗu. Ruwan kaɗai ya kai kilo 100, ban da yashi, don haka sai da mai walda ya yi masa tebur na ƙarfe. Cikin watan Disamba kaya suka iso ta bas, bayan tafiyar fiye da kilomita 600: ƴan ƙananan kifayen ado guda goma da ake kira gupi, da ɗan injin tace ruwa, da fitila, da wata shuka ɗaya cikin ƙaramin kofin roba.

Inna ta dubi kayan ta ce: "Ruwan da ƴan garuwa ke turowa da gumi, shi za ku ba ciyawa? Kuma ku tara mana sauro a ɗakin marar lafiya?" Maganar sauro mun samu amsarta da wuri, don gupi ba ya barin tsutsar sauro ta kwana cikin ruwa. Maganar ɓarnar ruwa kuwa, amsarta sai daga baya.

A jikin kofin an rubuta sunan shukar: Echinodorus ‘Ozelot’. Autanmu ya shiga intanet ya binciko mana asalinta. Danginta ƴan nahiyar Amurka ne, da yawansu daga bakin kogunan Amurka ta Kudu, shi ya sa masu kiwon kifin ado ke ce musu takobin Amazon, don ganyen dogo ne mai tsini kamar takobi. Ita wannan tamu ba a daji aka tsinto ta ba. Wani mai renon shuke-shuken ruwa a garin Dessau na ƙasar Jamus, Hans Barth, shi ya haɗa auren iri biyu ya fitar da ita. Sunan kuma na wata kyanwar daji ce ta can Amurka mai ɗigo-ɗigo a jiki, saboda ganyen shukar yana fitowa da ɗigon ja mai duhu, kamar an yayyafa masa lalle. Baba dai bai taɓa kiran wannan suna ba. Daga baya da ya fara kula ta, Baƙuwa yake ce mata.

Mun ɗebo yashin Gulbi muka wanke har ruwan ya fito fes, muka shimfiɗa kaurin yatsa huɗu. Muka cire shukar daga kofi, muka tsince wata irin auduga da aka naɗe saiwar da ita, muka tona rami muka tura ta can ciki, muka danne sosai don kada ta taso. Aka ajiye akwatin daidai inda Baba zai gani in ya juyo. Bai juyo ba.

Kwana goma sai ganyaye suka fara rawaya. Sati biyu, manyan sun yi laushi, ana hango yatsa ta bayansu kamar tsohuwar leda, suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Muka ce shi ke nan, an cuci Yaya, an sayar masa da mushe. Wata la'asar Auta ya naɗe hannun riga zai tuge ta ya jefar, sai muka ji murya daga gado:

"Bar ta."

Duk muka waiwaya. Ashe ya daɗe yana kallo ta wutsiyar ido. Ya ce a tayar da shi zaune, a matso da kujera. Ya ƙura wa gindin shukar ido, sannan a hankali, kalma na fita da ƙyar, ya ce:

"Wa ya dasa wagga? Kun bizne mata wuya. Ko albasa aka yi ma haka sai ta ruɓe."

Ya sa Auta ya kama ta ya ɗan jawo sama, kaɗan-kaɗan, har farin wurin da saiwa ta haɗu da ganye ya fito saman yashi. Ya sa aka yanke ruɓaɓɓun ganyen daga tushe da reza. Sannan ya nuna tsakiya da hannun hagu. Can ciki akwai wani ɗan tsiro ja, bai kai farce ba.

"In dai ido na da rai, dashe bai mutu ba. Duk dashe sai ya kwanta kamin ya tashi. Ku ba ta sati ukku."

Rabon da mu ji Baba ya jera magana haka tun kafin ya faɗi. Inna da ke bakin ƙofa ta juya ta koma madafa, ba ta ce komai ba, amma mun ga tana share ido da gefen mayafi.

Da dare Auta ya koma bincike, ya tarar abin da Baba ya faɗa shi ne a rubuce. A gidajen renon shuke-shuke, ana tayar da irin wannan shuka saiwa cikin ruwa, ganye a iska, don ta fi saurin girma haka. In aka nutsar da ita gaba ɗaya, ganyen da ya saba da iska ba ya iya aiki ƙarƙashin ruwa, sai ta zubar da shi ta fitar da wani sabo mai dacewa da ruwan. A ƙasarsu ma haka danginta ke rayuwa: kogi ya cika ya shanye su wata da watanni, ya janye ya bar su a tabo. Da aka karanta wa Baba, cewa ya yi: "To ai ƴar fadama ce." Maganar wuya ma haka take, saiwa ce kaɗai ake binnewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle ya hau intanet.

Kafin sati ukun su cika, sabbin ganye uku sun fito, jajaye masu ɗigo, sun fi na farko tsawo da laushi. Tun daga nan akwatin ya koma hannun Baba. Shi ke faɗin lokacin kunna fitila da kashe ta. Mu da mun so mu bar ta dare da rana don kyau, har mun taɓa buɗe taga rana ta bugi gilashin, sai gansakuka ta rufe ganyen, ruwan ya yi kore. Awa takwas na fitila ya ishe ta, kuma ba ta son rana kai tsaye. Baba ya daidaita abin da salla: a kunna bayan azahar, a kashe in an yi shirin kwanciya.

Shi ya tsara canjin ruwa ma. Duk Juma'a da safe a zuƙe bido ɗaya da tiyo, a mayar da sabo. Sabon kuma sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, don maganin da ake sa wa ruwan pampo ya fice, in ba haka ba yana ƙona wa kifi wurin numfashi. Wanda aka zuƙe, mai ɗauke da kashin kifi, Baba ya ce a zuba wa zogala da na'ana'ar Inna na bayan ɗaki. Da ta ga yadda suka yi kore shar cikin rani, ba ta sake maganar ɓarnar ruwa ba. Yanzu ma ita ke tuna mana in Juma'a ta zo.

Kurakurai kam mun yi su, har da shi Baban. Wani ɗan uwanmu ya je tafkin Madarunfa ya kawo mana ƴan ƙananan karfasa huɗu, wai a ƙara wa akwatin armashi. Karfasa kuwa halinta tono. Kwana biyu suka haƙa ramuka cikin yashi, suka tuge Baƙuwa, muka wayi gari tana yawo a saman ruwa saiwa a sama, gefen ganyen duk an gutsura. Baba ya yi faɗan da muka daɗe ba mu ji ba, mu kuwa daɗi muke ji, don faɗan nan alamar lafiya ce. Aka kwashe karfasa zuwa wata tsohuwar randa, daga can suka ƙare a tukunyar Inna.

Na biyun shi ne na taki. Wajen wata biyu da dasawa, sabbin ganyen suka fara fitowa fari-fari, ba jan nan, kuma ƙanana. Baba ya ce yunwa ce, yashin Gulbi da aka wanke ba komai cikinsa. Gaskiyarsa, domin takobin Amazon ta saiwa ta fi cin abinci, saiwarta na iya mamaye ƙasan akwati gaba ɗaya. Sai ya yi abin da ya saba yi a lambu: ya sa aka marmasa busasshen kashin awaki aka barbaɗa a gindinta. Washegari ruwan ya yi duhu yana wari, kifaye suka taru a sama suna haki, biyu suka mutu. Taki in ya ruɓe cikin ruwan da ba ya gudu, guba yake zama wa kifi. Muka canza rabin ruwan a ranar, muka sake canzawa washegari.

Baba ya yini bai yi magana ba, har muka tsorata kada ya koma gidan jiya. Da magariba sai ya ce a samo masa jar laka, irin ta masu ginin tukwane. Ya ce a lambu ƙasa ke riƙe taki ta riƙa ba saiwa kaɗan-kaɗan, nan kuwa ba ƙasa, to sai a yi mata. Dabararsa ita ce a cura lakar ƙanana kamar ƙwallon magarya, a sa ƙwayar takin zamani 15-15-15 ɗaya ko biyu a tsakiya, a shanya a inuwa ta bushe, sannan a cusa can ƙasan yashi kusa da saiwa, a rufe. Auta ya duba ya ga masu wannan sana'a a ƙasashen waje ma haka suke yi, har kanti ake sayar da irin curin. Ya kuma gano cewa jan da ke cikin lakar sinadarin ƙarfe ne, kuma rashinsa ne ke sa sabon ganye fitowa fari.

Mun kawo laka mun zauna za mu cura, Baba ya ce ba mu iya ba, namu sun yi girma. Ya jawo tiren gabansa. Da hannun hagu ya fara, abin ya ƙi, don curi sai da tafi biyu. Muna kallo ya ɗago hannun daman nan da ya ƙi matsa ƙwallon likita, ya ɗora a kan lakar. Na farko ya fi minti goma, ya fito a karkace. Ranar ya yi guda huɗu. Curi uku kacal shukar ke buƙata duk bayan wata biyu, amma Baba kullum sai ya cura, har muka cika gwangwanin madara biyu. Ba wanda ya ce masa sun isa. Da muka koma asibiti, likitan ya ce ya matse masa yatsa, ya matse, likitan ya tambaya ko ƙwallon ce ta yi aiki. Baba ya ce: "Laka dai."

Babbar jarrabawa ta zo da bazara. Kun san Afrilu da Mayu a Maraɗi, zafi ya haura 40, ga ɗaukewar wuta. Ita wannan shuka tana jin daɗi ne tsakanin 22 da 28. Ɗan ma'aunin da muka liƙa a gilashi ya kai 33. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, in injin ya tsaya kuma abin ya haɗu biyu. Kifi uku suka tafi cikin sati ɗaya, shukar ta daina fitar da ganye, gefen tsofaffin ya fara ƙonewa.

Nan ma ilimin randa ne ya cece mu. Baba ya sa aka jiƙa buhun algarara aka lulluɓe baya da gefunan akwatin, aka ɗage murfin, aka saita ƙaramar fanka mai caji tana busa saman ruwan. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa iska na busarwa, haka wannan ma, yana rage maki biyu zuwa uku. Sai dai ruwan na ƙafewa da sauri, kullum sai an ƙara. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ɗebi ruwan da kofi a zubo daga sama sau da yawa don iska ta shiga. Ranar da zafi ya fi tsanani, Inna da kanta ta sayo ƙanƙara ta leda, ta ɗora ledar a ɗaure tana yawo a saman ruwan. Ba a fasa ta ciki, don sanyin farat ɗaya ma kisa yake. An rage wa kifi abinci, an rage awannin fitila. Baba ya hana a ƙara taki, ya ce shukar da ke fama da zafi ba a cika mata ciki. Haka muka lallaɓa har hadarin farko.

Da damina ta zauna, Baƙuwa ta rama. Ganye ya fi ashirin, wasu sun kusa taɓo saman ruwa, sababbin jajaye, tsofaffin sun koma kore da sauran ɗigo. Sai ga wani dogon kara ya fito daga tsakiya, ba ganye ba ne, ya miƙe har ya leƙo waje, ya yi ƴan fararen furanni masu kunne uku-uku. Baba ya sa aka lanƙwasa karan aka mayar da shi cikin ruwa. Bayan ƴan makonni, a kowace gaɓa sai ga ƴar ƙaramar shuka da ganyenta da saiwarta. Ta haka ake yaɗa irin wannan da aka haɗa da hannu, don in ka shuka ƙwayarta ba lalle ta fito da kamannin uwar ba. Masu lambu sun san wannan a mangwaron aure. Baba ya ce a jira kowace ta yi ganye huɗu ko biyar, saiwa ta kai tsawon yatsa, sannan a yanke. Mun samu shida.

Su waɗannan shidan su suka buɗe ƙofar ɗakin. Baba ya aika a kira abokansa na fadama, waɗanda da yake rufe wa ido. Suka zo suka zauna gaban gilashi, tsofaffi huɗu, ana shan shayi ana gardama kan ko wannan abu dangin bado ne ko na kainuwa. Ɗaya ya ce kainuwa dashen Allah ce, wannan kuwa dashen wahala. Amma da zai tafi sai da ya karɓi ɗaya cikin kwalba, jikansa ya haɗa masa ƙaramin akwati.

Sharaɗi ɗaya Baba ke kafa wa duk wanda ya ba: in ka gaji da ita, ka maido ko ka shanya ta bushe, kada ka jefa a tafki ko gulbi, haka ma kifin. Ƴan Yamai sun san dalili. Ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke toshe kogin Isa, tana hana masunta da masu kwalekwale sakat, ita ma asalinta Amurka ta Kudu ne, kuma don ado mutane suka yaɗa ta a duniya. Baƙo a ɗaki daban, baƙo a gona daban.

Ba za mu ce muku Baba ya warke ba. Har yanzu da sanda yake tafiya, hannun ba ya ɗaga kwasa, magana in ya gaji tana sarƙewa. Amma bayan kaka ya ce a nemo adaidaita a kai shi Jiratawa. Ya zauna kan tabarma bakin rijiyar da ya faɗi, yana kallon yaron da ke dashen albasa. Bai yi minti biyar ba ya ɗaga sanda: "Kai yaro, kana bizne masu wuya."

Wanda ke sha'awar gwadawa, abin ba shi da tsada kamar yadda ake zato, haƙuri ya fi kuɗi yawa a cikinsa. Kada ku tuge ta don ganyen farko ya narke, ku dubi tsakiya. Kada ku binne wuyan. Ku ciyar da saiwa, ku kiyaye ta daga rana, ku shirya wa bazara tun tana nesa. Wanda kuma ke da tsoho a gida da ciwo ya raba shi da sana'arsa, ku duba ko akwai wani ɗan abu da zai riƙa yi wanda shi ya fi ku sani, ku bar shi ya gyara muku kuskure. Namu dai a cikin gilashi muka same shi.

Jiya Baƙuwa ta sake fitar da kara. Baba ya ce na wannan karon ƴan Damagaram da Tawa za a ajiye wa, in akwai mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon kula da su.